Yatsan Oga

Shekarar da wayar salula ta shigo Legas, gadi nake yi a ƙofar wani kamfanin roba a Ikeja. Ina tsaye da kulki a hannu, yaran da na girmi ubanninsu suna wuce ni da abu manne a kunne, suna ta "kana ina, kana ina". Ni da na ci rabin rayuwata ina aika magana daga Ikko, wato Legas ɗin nan, zuwa Kano da yatsa guda, babu wanda ya sani, babu kuma wanda zai damu in ya sani. Sojoji sun koma bariki, an ce mulki ya dawo hannun farar hula, kowa zai sha jar miya. Abin da ni na gani da idona shi ne an fara sare-sare a kasuwanni tsakanin Hausawa da Yarabawa, mutanen da tun kakanni suke cinikin goro da juna. Yau a ce an yi a can, gobe a ce nan za a yi. A Agege in babur ya yi ƙara fiye da kima, sai ka ga masu shaguna sun kama ƙyaure.

Aikina na asali buga waya ne a tashar jirgin ƙasa. Ga wanda bai tarar da shi ba: wani ɗan ƙarfe ne a kan tebur, ka danna ka saki nan take, gajere ke nan, ka danna ka ɗan riƙe, dogo ke nan. Kowane harafi da nasa jerin gajeru da dogaye. Mai bugawa ya mai da magana bugu, na can ɗaya tashar ya saurara ya mai da bugu magana. Ni ko firamare ban gama ba. Shara aka ɗauke ni, Oga, babban mai buga waya na tashar, ya ga ina kasa kunne, ya zaunar da ni ya koya mini da ranƙwashi. Dokarsa ba ta da yawa. Kowane saƙo da sunan mai shi a kansa, mai shi kaɗai ake ba, ko uwarka ce ta tambaya. Abin da ya shigo kunnenka shi za ka fitar, ba ƙari, ba ragi, ba gyara. Yakan ce mai waya bututu ne, ba aikinsa ba ne ɗanɗana ruwa. Har rantsuwa aka sa mu yi. Da aka kawo sababbin na'urori aka kwashe ƙarafanmu, aka watsar da mu kamar ruwan wanki. Oga ya koma sayar da carbi da turare a bakin masallaci, ni na koma gadi.

Sai na ji Oga ya faɗi. Hawan jini. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. An kai shi asibiti an dawo da shi. Na yi jinkirin zuwa, don ba na son ganin irin wannan mutum a kwance.

Ɗakinsa ɗaya ne a Agege, a irin gidajen hayar nan masu dogon lungu, ƙofa na kallon ƙofa. Na tarar da mutum biyu a kansa. Ga matarsa, wadda duk unguwa ke ce wa Iya, Bayarabiya haifaffiyar Agege, mai sayar da burodi da dafaffen wake a tsallaken layin dogo, Hausa a bakinta tas. Sun haura shekara talatin tare, 'ya'yan da suka haifa ba su rayu ba. Ga kuma ƙaninsa, Alhaji, manomi daga ƙauyensu can wajen Gusau, ya biyo motar tumatir ya zo da magana ɗaya: gida zai tafi da yayansa. Har ya shirya da direba. Ranar Asabar motar za ta juya daga kasuwar Mile 12 da kwanduna babu kome, a shimfiɗe Oga a ciki.

"Ba zan bar shi a garin da ake yanka mutane ba," in ji Alhaji. "In mutuwa ce, ta same shi a ɗakin ubansa."

In Alhaji na ɗakin muryar Iya ba ta fita, shi kuma in zai yi mata magana bango yake kallo. Danginsu ba su taɓa yafe wannan aure ba.

Na durƙusa na kama hannun Oga na hagu, mai sauran rai, ina ta sannu irin ta wanda bai san abin faɗa ba. Hannun ko alƙalami ba ya iya riƙewa, an gwada. Sai na ji yatsansa yana danna mini wuyan hannu. Na ɗauka rawar ciwo ce. Ya tsaya, ya sake. Ya tsaya, ya sake, jeri iri ɗaya. Haruffan tsohuwar tashata ne, waɗanda yake kirana da su lokacin da aka mai da ni Zariya shi yana Ikko. Oga kirana yake yi.

Na danna masa tafin hannu: ina ji, buga.

Bugun hannun damansa na san shi kamar muryarsa, ko cikin mutum ɗari zan fitar da shi. Na hagu baƙo ne mai ɗingishi, dogo ya gajarce, gajere ya yi tsawo. Ni kuma na daɗe rabona da aikin, ga shi da fata nake ji ba da kunne ba. Na sa shi ya yi ta maimaitawa har na haɗa. A JUYA NI. BAYANA WUTA.

Na faɗa a fili. Alhaji ya dube ni kamar mai aljanu. Iya ba ta tsaya tambaya ba, ta ce in kama mata, muka juya shi. Fatar bayan ta sale, jawur. Ta toshe baki da bakin zani.

Yatsan ya sake nemana. KA MAKARA. HANNUNKA YA LALACE. Wannan nawa ne, na riƙe abina.

"Malam, wannan wane irin surkulle ne?" in ji Alhaji.

"Aikin gwamnati ne, Alhaji. Da shi aka riƙa hana jiragen da ke ɗaukar gyaɗarku yin karo."

"Gyaɗar da aka daina saye."

"Mu ma an daina sayenmu."

Daga ranar, in na tashi gadi na ɗan runtsa, sai in tafi da azahar. Ruwa, bayan gida, a rage gishiri, a kashe rediyo, a buɗe taga, duk ta hannuna. Alhaji ya fara yarda, don inda na ce yana ciwo, in an duba sai a tarar yana ciwo. Amma wani tunani ya hana ni barcin ranar. A ƙauyensu babu mai jin wannan yatsa. Babu a Gusau, ban sani ba ma ko akwai saura a Arewa gaba ɗaya. In aka ɗora shi a motar nan, za a kai shi inda zai danna hannun mutane su ce rawar ciwo ce, su shafa masa man zafi, har ya mutu da maganarsa a ciki. Ni kuwa ba zan iya binsa ba, ina da mata da yara da ƙofar da nake tsaro. Na gaya wa Alhaji haka. Ya ce, "Can akwai dangi. Dangi ba sa bukatar waya."

Oga yana jinmu sarai, kunnensa lafiya lau. Na jira ya ce wani abu a kan tafiyar, shiru, sai ranar Laraba, Iya tana wajen sana'arta. Ya yi kira, na amsa, sai ya fara da kan saƙo irin na aiki, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kwanta. ZUWA GA MATATA. Na gyara zama. IN NA TAFI ZA KI BI NI. IN BA ZA KI BA KINA SO IN ZAUNA. Ya buga alamar ƙarshe, ya saki hannuna.

"Me ya ce?" in ji Alhaji.

"Ba naka ba ne."

"Ban gane ba."

"Da sunan mai shi a kai, kuma ba sunanka ba ne."

"Yayana ne fa. Ciki ɗaya."

"Ko kai ka haife shi."

"To na matar ne ke nan. In ta dawo ka faɗa mata a gabana."

"A gabanka ba ita kaɗai aka ba ba."

Ya miƙe tsaye. "Wato ƙato da kai za ka keɓe da matar mutum, mutum yana kwance?"

Murya ta ɗaga har maƙwabta suka leƙo, na san kafin magariba maganar ta isa bakin masallaci. Na dubi Oga. Idonsa mai buɗuwa sosai yana kaina, na kuwa san kallon, na a isar da saƙo ne. Alhaji ba ya barin ɗakin, salla ma a lungu yake yi, saboda haka babu abin yi sai in bi Iya rumfarta. Na ɗauki hulata na fita.

Tsallaken layin dogo ɓangaren Yarabawa ne, a wancan makon ba wurin zuwan mai hula ba ne. An ce an yi faɗa a wata tashar mota, an ce an kawo gawa, an ce ba a kawo ba. Wasu samari na zaune a kan benci, suka bi ni da ido tun daga kan ƙarfen jirgi. Na cire hular na cusa a aljihu, sai na ji kunyar kaina, na mayar. Ɗaya daga cikin samarin ya yi magana da Yarabanci, na gane, na yi kamar ban gane ba.

Iya ta hango ni ta saki cokali. "Malam, ya cika?"

"Yana nan. Saƙo ne."

Na tsaya inda kowa zai gan mu amma babu mai ji, na faɗa mata yadda aka buga.

Ta daɗe tana goge wuƙar burodi a zaninta. Sannan ta yi ta magana, ba ta kalle ni ba. Ta ce uwarta ta tsufa, ba ta gani, ita ke ci da ita. Ta ce in ta bi shi ƙauyen nan, ranar da ya rufe ido za a nuna mata hanya. Ta ce jiya da Alhaji ya shiga wanka ta gwada ɗaga shi ita kaɗai, ta ga ko za ta iya kai shi bakin ƙofa, ko zaunar da shi ta kasa.

"To me zan ce masa?" na ce. "Ki taƙaita, hannuna ba ya ɗaukar doguwar magana."

"Ka ce masa ya tafi. In aka zo da wuta ba zan iya ɗaukarsa ba. Ya bi ƙaninsa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na maimaita mata, don haka ake yi, mai saƙo ya ji ya tabbatar. Ta ce e, ta juya wajen mai sayen wake.

Da na koma Alhaji na nan zaune ya haɗe rai, ba halin in faɗa da baki. Na kama tafin Oga na danna masa harafi-harafi. DAGA MATARKA. KA TAFI. IN AKA ZO DA WUTA BA ZAN IYA ƊAUKARKA BA. KA BI ƘANINKA. Na so in ƙara masa cewa hannunta rawa yake a kan wuƙar. Amma wannan ba ya cikin saƙo, kuma mutumin da ke kwancen nan shi ne ya taɓa kaɗe mini hula don na ƙara "don Allah" a saƙon wani.

Ya buga gajere, dogo, gajere, alamar an karɓa. Ya rufe ido. Na zauna har la'asar ta yi sanyi, hannunsa a nawa babu motsi. Sai can ya farka. ZUWA GA ƘANINA. ZAN TAFI.

Na faɗa wa Alhaji. Fuskarsa ta washe, ya ce ashe dai aikin nan na gaskiya ne, har ya sa aka kawo mini shayi. Ban sha ba.

Alhamis da Juma'a na yi su kamar mai zazzaɓi. A masallaci wani dattijo ya tambaye ni yaya kasuwar burodi, mutane suka yi dariya. Na ce da Oga bari in koya wa Alhaji ko da abu biyu, dannawa ɗaya e, biyu a'a. Ya buga mini NI BA JINJIRI BA NE. Daga nan bai ƙara cewa kome ba sai ruwa. Iya tana ninke masa riguna, tana ɗaure carbunan da suka rage a leda.

Ranar Asabar da hantsi muka ɗauke shi a bayan akori-kura zuwa Mile 12. Kasuwa na ci amma a tsorace, 'yan dako suna aiki suna waige. Ƙasa ta caɓe da ruɓaɓɓen tumatir. Ashe ba mu kaɗai ba ne, motar cike take da mata da yara a kan kwanduna, kowa yana tura iyalinsa gida. Aka yi wa Oga wuri can ciki, aka shimfiɗa tabarma da bargo. Na hau na danna masa sallama a tafin hannu. Bai amsa ba. Na sauko.

Iya na tsaye gefe da ƙullin kayansa. Sai da direba ya tayar da mota sannan ta matso.

"Malam, shi da kansa ya ce zai tafi?"

"Shi da kansa."

"Me ka gaya masa?"

"Abin da kika ce."

"Haka ɗin? Yadda na faɗa?"

"Ko harafi ban canza ba."

Ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi. "Kai wane irin ɗan aike ne? Mace ta ce mijinta ya tafi, kana tsaye kana ganin fuskarta, sai ka je ka ce ta ce ka tafi? Shi kuma da ya san ni tun ina budurwa, sai ya ce to?"

"Iya, na tambaye ki shi ke nan, kika ce shi ke nan."

"Da me zan ce? In ce ya zauna a ƙone shi saboda ni? Shi ya kamata ya ce ba ya tafiya."

Na ji haushi, har yau ma ina ji. An koya mini aiki, na yi shi yadda aka koya mini, wanda ya koya mini ya karɓa yadda aka aiko, sai ga ni ni ne jaki. Amma ba lokacin gardama ba ne, direba yana ta danna oda. Ta yar da ƙullin a cikin caɓi, ta kama ƙarfen mota, mata suka ja ta sama. Na bi ta. Ta tattaka kwanduna har inda yake, ta durƙusa, ta yi magana da muryar da kowa ya ji, Alhaji na zaune a gefe.

"Baba, ƙarya na aiko maka. Ba na so ka tafi. Ba zan iya ɗaukarka ba, wannan gaskiya ne. Amma ba na so."

Yatsan ya fara motsi a kan bargo. Na miƙa hannu. Sauri yake yi, haruffa na hawa kan juna, ga inji yana girgiza mota, na kasa raba bugunsa da girgizar. Na ce a kashe mota. Direba ya leƙo ya ce shi ba zai kwana a hanya saboda wani tsoho ba, a yi abin da za a yi. Na danna wa Oga: maimaita. Ya maimaita. Na sake cewa maimaita, don kuskure a nan ba shi da gyara, in mota ta ja shi ke nan. Zuciyata na bugawa har tana shiga cikin lissafin. Sai na samu. ZUWA GA ƘANINA. A SOKE NA LARABA. SAUKE NI.

Na faɗa.

"Ran Laraba ka ce ya ce zai tafi," in ji Alhaji. "Yau ka ce ya ce a sauke shi. Wanne ne gaskiya?"

"Duka biyun. Na baya shi ke soke na farko, haka ake yi."

"Haka ake yi a ina? A ofishin da aka rufe?"

"Ran Laraba ai ka yarda da ni."

Ya ture hannuna ya sa nasa. "Yaya, gaya mini da kanka." Yatsan ya yi ta danna shi, gajere, dogo, gajere, gajere. Ya ƙura wa hannun ido, yana jin dannawar, bai san ko kalma ɗaya ba. Na ga abin yana shigarsa. Haka zai zauna da shi a ƙauye, safe da yamma, har ƙarshe. Mata suka fara ƙorafi, rana na yi, yara na kuka. Ya sunkuya ya ce a hankali, "Yaya, a sauke ka?" Yatsan ya tsaya, hannun gaba ɗaya ya damƙe nasa.

Alhaji ya share fuska da hannun riga. Bai dubi kowa ba, ya ce, "Ku kama ƙafafun."

Muka sauke shi, 'yan dako suka taya mu, muka kwantar da shi a kan buhunan albasa a inuwar wata rumfa. Alhaji ya koma cikin mota ya zauna a kan tabarmar. Kafin mota ta ja ya leƙo ya nuna ni. "In aka taɓa shi, kai zan tambaya gaban Allah. Ba ita ba, kai."

Motar ta tafi. Muna nan tsaye sai wani abu ya fashe can bakin titi, taya ce ko mene ne, kasuwa ta dare. Mutane suka zura da gudu, suka dawo suna dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni da Iya ba mu motsa ba, don babu inda za mu da shi.

"Malam," ta ce, "in aka zo, za ka zo ka ɗauke shi?"

"Zan zo."

Gidana yana can ƙarshen unguwa, kwana kuma a Ikeja nake yi. Ta san da wuya in iso a kan lokaci, na sani, shi ma yana jinmu. Na tafi neman motar da za ta mai da mu Agege.

Oga ya ga damina ɗaya bayan haka, a ɗakin nan, a Agege aka binne shi. Wuta ba ta zo lungunsu ba. Amma duk tsawon lokacin, ko hayaƙin bola na hango ta wajen unguwarsu, sai in ajiye abin da ke hannuna in fara auna hanya, ta ina zan bi, wa zai kama mini ƙafafun.